Wane ne Gyulai, kuma yaya ake gwada lokacin gudun da da na yanzu?

Malamin Aboabo:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa, akwai gasar guje-guje da ake yi duk shekara a Hangari da sunan István Gyulai. Wane ne shi, wane gudu ya yi? Sannan wani ɗalibi a nan Kumasi ya yi daƙiƙa 48.5 a mita 400 da agogon hannu, irin wanda ake dannawa da yatsa. Za a iya jera lokacinsa da na mutanen zamanin Gyulai?

Alhaji na Asawase:
Wa alaikumus salam, Malam. Sunan ana faɗinsa kusan "Julai". An haife shi a Budapest a 1943, ɗan tseren gajeren zango ne, an fi saninsa a mita 400, kuma ya wakilci Hangari a Olimfik ta Tokiyo a 1964. Da ya ajiye takalmi sai ya koma sharhin wasanni a talabijin ɗin ƙasarsu, har ya shugabanci sashen wasanni.

Amma inda ya fi barin sawu shi ne hukumar guje-guje ta duniya, IAAF, wadda yanzu ake kira World Athletics. Ya zama babban sakatarenta a 1991, ya yi aiki da shugaban hukumar, Primo Nebiolo, daga 1999 kuma da magajinsa Lamine Diack na Sanagal, har Gyulai ya rasu a Monako a watan Maris na 2006. A zamaninsa ne hedikwata ta tashi daga Landan ta koma Monako, gasar duniya kuma ta koma duk shekara biyu maimakon huɗu. Gasar tunawa da shi an fara ta a 2011.

Mai agogo, Nima:
Malam, kada a yi gaggawar jerawa. Mai riƙe da agogon hannu yakan makara wajen dannawa idan bindiga ta tashi, sai lokacin ya fito gajere. Shi ya sa ake ƙara 0.14 a mita 400, a mita 100 da 200 kuma 0.24. Ka ga 48.5 ya zama kusan 48.64. Wannan ma sai idan an danna da ganin hayaƙin bindiga. Wanda ya jira ƙara ta iso kunnensa ya ƙara ɓata lissafin, musamman a mita 200 da bindigar ke can nesa.

Na biyu, ƙasan fili. A Tokiyo a kan dandaɓaɓɓiyar ƙasa mai tokar gawayi suka yi gudu, shimfiɗar roba sai a Meziko a 1968 ta shiga Olimfik. Mike Larrabee na Amurka da 45.1 ya ci zinaren mita 400 a wannan ƙasar da ke cinye ƙarfin ƙafa, don haka lokutansu sun fi yadda suke a takarda nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne awon layi a filayen makarantu. Faɗin layi mita 1.22 ne. A tseren mita 400, ɗan layi na 2 yana farawa mita 7.04 gaban na 1, daga nan kowane layi a ƙara 7.67, har na 8 ya kai kusan mita 53. Idan aka zuba farar ƙasa da ido kawai, wani yaro zai yi 392, wani 408, kowa na cewa 400 ya yi.

Hajiya Koci:
Gaskiyarka, Yaya. Malam, a kai shi fili mai roba, na Baba Yara a Kumasi ko na Jami'ar Legon, a gasar da hukumar guje-guje ta ƙasa, Ghana Athletics, ta amince da ita kuma akwai agogon lantarki da kyamarar ƙarshen layi. In ana so lokacin ya shiga jerin matsayi na duniya, sai gasar tana cikin kalandar World Athletics. Irin aikin ofis ɗin da Gyulai ya yi shekara goma sha biyar yana yi ke nan, wanda 'yan kallo ba sa gani.

A kuma ɗauki lokacinsa a mita 200 ta farko. Idan mafi kyawunsa a 200 shi ne 22.3, to ya wuce rabi a kusan 23.3, rabi na biyu ya zo 25 ko ƙasa kaɗan. In tazarar da ke tsakanin rabin farko da na biyu ta haura daƙiƙa 3, ya fita da zafi fiye da kima, shi ya sa ƙafafu ke sandarewa a mita 80 ta ƙarshe.