Ina so in kai iyali hawan dutse mu kwana a tanti, Kagoro ko Jos?

Baban Ƴan Uku, Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa yi da ƙafarsu. Hutun Disamba na tafe kuma na daɗe da burin in kwashi iyalina mu goya kayanmu mu hau dutse, mu kafa tanti mu kwana ko da dare biyu ne. Yarana uku, babban shekara 13, mai bi masa mace 10, autan 6. Abin da ya tayar min da maganar, rannan aka ɗauke wuta muka fito tsakar gida shan iska, sai autan ya ɗaga kai yace Abba ashe taurari haka suke da yawa? Wlh sai da jikina yayi sanyi, ni da na tashi a ƙauye muna kiwo a gindin dutse, tun ban kai shi ba na san kaza da ƴaƴanta na san gamzaki, amma nawa yaran daga makaranta sai islamiyya sai waya. To ina tunanin dutsen Kagoro tunda a jiharmu ta Kaduna yake, wani abokin aikina kuma yace Jos ta fi. Uwargida dai har yanzu bata ce eh ba bata ce a'a ba. Ina ya fi dacewa da yara, kuma me ake ɗauka?

Mai Yawon Duwatsu:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya cika buri. Na hau Kagoro sau biyu, wuri ne mai kyau na gaske, in ka kai sama ka waiwayo zaka ga gari da gonaki shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma. Daga nan Kaduna ta Kujama zaka bi, Kachia, Zonkwa, Kafanchan, sai Kagoro a ƙaramar hukumar Kaura. Amma gsky zan faɗa maka tsakani da Allah, hawa daban kwana daban. Da mace da ƙananan yara ban baka shawarar kwana a kan dutsen ba, kasan halin da ake ciki na tsaro, yau lafiya gobe wani labari, kuma ba a ɗauko iyali a yi gwaji da su. Ku kama masauki a Kafanchan, ku fita da sassafe bayan asuba, ku hau kafin rana ta take, ku sauko kafin la'asar. Kar ka bi hanya da dare ko kaɗan. Sannan kafin ka taka dutsen ka je ka gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ku, su haɗa ka da ɗan gari ya yi muku jagora ka sallame shi da abin kirki, dutse yana da masu shi, akwai wuraren da mutanen gari ke girmamawa ba a shiga haka kawai. Ka sani kuma ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan a Kagoro, gari kan cika maƙil masauki yayi wuya, in ba kallon bikin kake so ba ka je kafin lokacin. Ka biya da su Matsirga ma su ga ruwa na zubowa daga kan dutse, kusa da Kafanchan yake, sai dai da rani ruwan kan ja baya. Dajin Kamuku na Birnin Gwari kam cire shi a lissafi tukunna.

Uwar Gida ta Malali:

Yaya sannu da ƙoƙari, ba kowane uba ke wannan tunanin ba. Amma shirun da matarka tayi ni na gane shi, don ku maza tunaninku tanti da hoto, ita kuma tana lissafin ina za a kewaya, ina za a yi wanka, ina ruwan alwala, in autan yayi zazzaɓi cikin dare wa za a kira. Ka zauna da ita ku amsa waɗannan tukunna zaka ga ta saki jiki. Mu mun je Jos a Disamba shekarun baya, na ɗauka sanyin irin namu ne na Kaduna, na zuba musu rigar sanyi ɗaya ɗaya, wayyo Allah, da asuba ƴata haƙoranta har karo suke leɓenta duk ya tsage, sai da na naɗe ta da hijabina muka koma cikin mota muka zauna har rana ta fito, har yau in na tuna sai naji ba daɗi. Don haka bargo mai kauri, safa, hular sanyi, man kaɗanya, kar a bar ko ɗaya. Ka shiga Kasuwar Barci wurin ƴan gwanjo zaka samu jakar goyo da kambas masu ƙwari, amma a saka takalmin a yi yawo da shi kamar sati biyu kafin tafiya, sabon takalmi a kan dutse ciwon ƙafa kawai yake jawowa. Ita kuma ta sa doguwar riga wadda bata jan ƙasa da wando a ciki, zani da silifas basu hawa dutse. Abinci kuwa kilishi, dambun nama, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, burodi, kayan shayi da ɗan risho. Fura da nono kar ku soma, kafin azahar ta yi tsami a jaka. Shawarata ta ƙarshe, ku kafa tantin a tsakar gida ku kwana ciki dare ɗaya, a nan zaka gane abin da kuka manta.

Ɗan Zazzau:

Ranka ya daɗe, me zai hana a fara da dutsen Kufena? Zariya ce fa, kilomita 80 ko kusa da haka daga Kaduna, ku zo da safe ku koma da yamma, ga tarihi a wurin ka ba yara labarin Sarauniya Amina da ganuwa suna gani da idonsu. A nan zaka auna ƙafar autan, don ɗan shekara 6 in ya gaji a tsakiyar hawa kai zaka goya shi ga jaka a bayanka. Maganar kwana a tanti kuma ni Jos zan ce, duwatsun Shere, tsayinsu ya kai mita 1,829, kuma akwai cibiyar horar da ƴan Man O' War a wurin, can nayi horo ina matashi. Ka fara tuntuɓarsu tun daga gida ka ji ko suna karɓar iyali da yadda gari yake a lokacin, kwana kusa da mutane a wuri mai masu gadi ya fi ka je ka kafa tanti kai kaɗai a daji. Chappal Waddi na Taraba wanda ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419, wannan sai sun girma, tafiyar kwanaki ce. Batun kaya, yaro kar jakarsa ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato mai kilo 30 kilo 3 ya ishe shi. Ruwa ne zai fi muku nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ku lissafa aƙalla lita 3 ga kowane babba, da hunturu mutum baya jin ƙishi sosai amma jiki na bushewa. Ku riƙe ORS, wato haɗin gishiri da sukari da ake sha in jiki ya bushe, ko ku haɗa da kanku, lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da nafi ji wa yara tsoro shi ne zura hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse, nan kububuwa da kunama ke laɓewa. A zazzage takalmi kafin a saka da safe, a riƙe tocila da dare. In Allah ya kiyaye maciji ya sari wani, ba tsaga wurin, ba tsotsa, ba ɗaure shi tamau, a hana shi tafiya da ƙafarsa a ɗauke shi sai asibiti. Sharar ku kuma ku dawo da ita a leda dan Allah.

Baban Ƴan Uku, Unguwar Dosa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Hajiya na karanta wa uwargida naki daga farko har ƙarshe, tace ke kaɗai kika faɗi abin da ke ranta, yanzu har ta fara rubuta kayan da za a saya. Mun tsaida Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu za mu kwana a tsakar gida, ta sama kuma Kufena, Jos sai na kira na ji. Malam Ɗan Zazzau, ta wane ɓangare aka fi hawa da yara, kuma akwai inda zan bar mota hankali kwance?