Shin zan iya cire layin VBUS idan na'urorin USB suna da wutar kansu?

Auwalu:
Assalamu alaikum. Ina aiki a kan allon lantarki mai guntun STM32F407 wanda shi ne mai masaukin USB, wato ɓangaren da ake jona wa na'urori yana sarrafa su, kuma zuwa yanzu shi ke ciyar da na'urar karanta lambar kaya da wuta ta layin VBUS, wato wayar da ke ɗaukar volt 5 a kebul ɗin USB. Muna son ƙara na'urar buga rasit, wadda ke jan fiye da mA 500 da ƙa'idar USB 2.0 ta yarda a bai wa kafa ɗaya, don haka muka yanke shawarar kowace na'ura ta zo da adaftarta. Tunda ba za su ƙara dogaro da allon ba, zan iya cire VBUS da makunnin TPS2051 mai sarrafa wutarsa domin rage kuɗin haɗawa?

Injiniya Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Kada ka cire shi. Aikin VBUS bai tsaya ga ciyarwa ba, domin da shi ne na'ura ke gane cewa an jona ta da mai masauki. Ƙa'ida ta hana na'ura mai wutar kanta ɗaga ƙarfin wutar layin bayanai na D+ ta rezistarta mai 1.5 kΩ muddin ba ta ga volt 5 a VBUS ba, kuma idan ba ta ɗaga ba, allonka zai ɗauka babu komai a kafar. Bayan haka, ƙa'idar ta ba irin wannan na'ura damar jan har mA 100 daga kafar, kuma masu ƙera da dama suna ciyar da ɓangaren USB nasu da wannan wutar. Ka karanta bMaxPower, wato iyakar wutar da na'urar za ta ja daga kafar, a bayanin da take turowa lokacin haɗuwa, inda kowane ɗaya ke nufin mA 2, sannan ka duba bit na 6 a bmAttributes, wanda ke nuna ko na'urar tana da wutar kanta. Abin da za ka iya ragewa shi ne girman mai samar da volt 5 ɗin, amma makunnin ya zauna saboda kariyar da yake bayarwa idan wayoyin wuta suka haɗu da juna.

Malam Garba:
Na goyi bayan Injiniya, sai dai abin da ya fi damuna shi ne wutar da ke komowa baya. Wasu na'urori masu araha suna haɗa volt 5 ɗinsu kai tsaye da VBUS, ta yadda allonka zai ci gaba da samun wuta bayan ka kashe shi. Ka kashe allon, ka bar na'urar a kunne, ka auna VBUS da mita. Ya kamata ka ga kusan sifili. Kuma tunda adafta za ta zama fiye da ɗaya, layin ƙasa (GND) na kebul ɗin zai ɗauki duk bambancin wutar da ke tsakaninsu. Idan bayanai suka fara yankewa, guntun ADuM4160 zai raba wutar allon da ta na'urar, amma iyakar gudunsa Mbps 12 ne.

Auwalu:
Na gode ƙwarai. Idan aka kashe firintar alhali kebul yana jone fa?

Injiniya Hadiza:
Idan ɓangaren USB nata ba daga VBUS yake shan wuta ba, D+ zai faɗi ƙasa saboda rezistocin 15 kΩ na ɓangarenka, sai guntun ya ɗauka an zare kebul. Ka tabbata manhajarka tana sakin na'urar a lokacin, tana kuma sake tantance ta daga farko idan wutar ta dawo.