Kwano Biyu a Hannu Guda: Musayar Waƙa Kan Gaskiya da Neman Sani

Mai Awo, Gujungu:
Assalamu alaikum jama'a. Kaka ta yi, kasuwa ta cika, abin da nake gani kowace Lahadi kuwa ya ƙi barina in yi shiru. Ga baitocina. Mai amsawa ya riƙe mana amsa-amon "ya".

Da sunan Allah nake buɗe bakina,
Shi ya aza ma'auni a kan gaskiya.

Tsira ga Manzo, tun gabanin wahayi
Makka ta san shi Amintacce, mai riƙon ajiya.

Na ga ana zuba yashi cikin riɗi,
Buhu ya yi nauyi, ana ta dariya.

Kwano biyu na gani a hannu guda,
Babban yake ɗaukowa in zai saya.

In zai sayar, ƙaramin yake jawowa,
An bugi gindinsa ya shige tun jiya.

Sura guda aka saukar kan masu tauyewa,
Da "Wailun" ta fara, ba sassauci ko ɗaya.

Madyana, Shu'aibu ya ce su cika mudu,
Suka ƙi, tsawa ta kwashe su gaba ɗaya.

Masu allo da masu boko, ku gaya mini,
Me ya tare karatunmu bai kai ga zuciya?

Ɗan Kasuwa, Maigatari:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba musu nake yi ba, amma a bar ni in faɗi yadda abin yake a wajenmu.

Baba na ji ka, ban ƙi ko harafi ba,
Sai dai mai gaskiya shi ke shan wuya.

Ya kai tsabtatacce, wani ya kai mai ƙasa,
Dillali ya yanka musu kuɗi ɗaya.

Taki da tsada, mai bashi na bakin ƙofa,
Mai jego na ɗaki, ba kuɗin miya.

Ya ajiye wake, ƙwari sun huda shi,
Na maƙwabci ya tsira, ya sha fiya-fiya.

Ku ba ni amsar da zan tafi da ita kasuwa,
In ci halak, in kuma dawo da moriya.

Gardi, Ringim:

Ƙanena, ka zo da magana mai nauyi,
Ga abin da muka taras a tsangaya.

Manzo ya bi ta kan tulin hatsi a kasuwa,
Ya cusa hannu ya ji lema, sai ya yi tambaya.

Mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi,
Aka ce ya sa shi a sama, a gani kafin a saya.

Mai algus ba ya cikinmu, haka ya faɗa,
Muslim ya ruwaito da ingantacciyar hanya.

Duba, bai hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba,
Ɓoyewar ya hana, ita ce ƙarya.

Amma Baba Mai Awo, ka tsaya a kan kwano,
Akwai masu tauye mu a fagen tambaya.

Wani na fatawa kan gado da sakin aure,
Bai taɓa durƙusa gaban malami ba, ba kunya.

Ga mai magani da lasifika a bakin tasha,
Kwalba guda wai tana kashe cuta ɗari da ɗaya.

Imamu Malik, an taka daga nesa an same shi,
Ya ce bai sani ba, a gaban mai tambaya.

Baƙon ya rasa me zai kai wa mutanensa,
Ya ce ya gaya musu Malik bai sani ba, ya juya.

Mu a darasu, wasali guda in ya karkace,
Alaramma zai sa a gyara tun da safiya.

Wanda ya auna saninsa ya ba ka daidai,
Shi da mai cika mudu sana'arsu ɗaya.

Malama, Kura:
Ɗana na Maigatari, gardi ya ba ka hukunci. Ni bari in taɓa zancen waken, domin a nan rashin sani ya fi mugunta yawa, kuma mu mata mu ke dafa shi.

Ɗana, yawancin masu zuba fiya-fiya
Ba mugaye ba ne, sun rasa wata hanya.

Dafin ƙwari ne, ba na shiga tukunya ba,
Mai cinsa yaro ne da tsohuwa da amarya.

A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa,
Ta hana shigar busasshen waken Najeriya.

Sun gwada, sun iske magani ya wuce kima,
Hukuncin ya haɗa har da manomi mai gaskiya.

Abin da suka ƙi, mu muka ci shi a gida,
Ƙosai da alale, har da na cikin miya.

Ga buhu mai rufi uku ya shigo garuruwanmu,
Leda biyu a ciki, na saƙa a waje kariya.

Iska ba ta shiga, ƙwaro ya shaƙe ya mutu,
Ba ɗigon magani, wake ya kai bazara lafiya.

Wanda ya san wannan ya yi shiru, shi ma ya tauye,
Hakkin maƙwabcinsa na rataye a wuya.

Zamanin Nana Asma'u, mata 'yan taru
Suna bin jaji, jagorarsu, daga ƙauye, ƙafa ce abin tafiya.

Su koyo, su koma su koyar a tsakar gida,
Me zai hana mu, mu da ke da rediyo da waya?

Dattijo, Birnin Kudu:
Allah ya yi muku albarka. Ga baiti kaɗan daga tsoho.

Annabi Musa, wanda Allah ya yi zance da shi,
Ya ji akwai mai sanin da ba shi da shi, ya ɗaura aniya.

Ya ce ba zai tsaya ba sai mahaɗar tekuna biyu,
Ko da zai yi shekara da shekaru yana tafiya.

Ya iske Halliru, ya roƙi izinin binsa,
Sau uku yana ganin abin da ya gagari juriya.

An huda jirgi, ashe akwai sarki a gabansu
Mai ƙwace lafiyayyen jirgi, hudar ce kariya.

Jabir ɗan Abdullahi, wata guda kan raƙumi,
Don hadisi guda, daga Madina har Siriya.

Kakanninmu gabas suka nufa da allo a kafaɗa,
Borno ta san su, da buzu da 'yar ƙwarya.

Abin da ke tsorata ni a yau, 'ya'yana,
Yaro ya ci jarrabawa da amsar da aka saya.

Gobe shi ne mai allura a asibitin ƙauye,
Takarda ta ce ya iya, hannunsa na cewa ƙarya.

Mai Awo, Gujungu:
Kowa ya ba yaron nan amsa, amma kukansa na dillali ba wanda ya taɓa, kuma a nan yana da gaskiya.

Ɗana, kukanka kan kuɗi ɗaya na ji shi,
Mai sayen da bai bambance ba, shi ke renon ƙarya.

In tsabtatacce da mai yashi farashinsu guda,
An ce wa manomi ke nan zuba yashi ka ci moriya.

Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan awo,
Ku fito da kwano mai hatimi, ku kafa rariya.

A tankaɗe riɗi gaban mai shi da mai saye,
Yashin ya zube, a biya abin da ya cika tiya.

Ɗan Kasuwa, Maigatari:
Na gode, iyayena. Baba, ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan kai wa shugabanninmu maganar rariyar nan. Inna Malama, saura ke:

Inna, buhun nan zan gwada shi a bana,
Yaya ake ɗaurinsa, kar in zubar da dukiya?

In na buɗe na ɗiba, ya lalace ke nan,
Ko in na mayar da ɗauri zai ci gaba da ajiya?

Malama, Kura:

Ka shanya waken ya bushe ƙayau, ka sheƙe shi,
Ka hura ledar ka gani, kar a sami huda ko ɗaya.

Ka matse iska, ka murɗe bakin ta ciki ka ɗaure,
Ta biyu daban, na waje daban, kowanne da igiya.

Ka ɗora kan katako, nesa da bango da ɓera,
In ka ɗiba ka ɗaure nan take, kar ya kai safiya.

In za ka saya ka duba kaurin ledar, ɗana, siririya ba ta tare iska. Ka tafi da wanda ya taɓa amfani da shi, ko ka nemi malamin gona na yankinku ya nuna maka a aikace.