Giyar inabina ta koma khal: in sayi kwalin haɗi ne ko in sake gwada ɗanyen inabi?

Ɗanlami82:
Jama'a a ba ni shawara. Na sayi inabi kilo 10, irin na ci, na mutstsuke a bokiti, na zuba yistin burodi, na rufe da tsumma. Kwana biyar ɗin farko kumfa har bakin bokitin, ina ta murna. Sai na yi tafiya ta mako uku. Da na dawo na ɗaga tsumman, ƙananan ƙudaje suka tashi, ga wata fata-fata a saman ruwan, wari kuwa khal zalla. Yanzu wani abokina ya dame ni wai in sayi kwalin haɗin giyar nan da ake sayarwa, mai zuwa da ruwan inabi da sauran kayan haɗi a ciki. Ni kuma gani nake wannan ai jiƙa-ka-sha ne, ina ƙwarewar take?

BabaIliya:
Ɗana, inabin bai yi maka laifi ba, iskar waje ce. Muddin yisti na cin sukari, iskar da yake fitarwa tana kare ruwan daga iskar waje. Da ya lafa, kariya ta ƙare, sai ƙwayoyin bakteriyar da ake kira Acetobacter, waɗanda ƙudajen nan ke yawo da su, su mai da barasar khal. A kwana na shida ko na bakwai ya kamata ka tace, ka juye a jarka, ka cika ta har wuya, ka sa makullin iska, wato murfin da ke barin iskar ciki ta fita amma ta waje ba ta shiga. Kai kuwa ka kama hanya.

Sayi kwalin, kada girman kai ya hana ka. Yawancinsu lita 23 suke bayarwa, kwalba 30 ke nan, cikin mako huɗu zuwa takwas. An riga an daidaita sukari da tsamin ruwan, ga yistinsa, ga bentonait, wani irin yumɓu na sa shi ya washe, ga salfait na hana shi lalacewa. Abin da zai koya maka shi ne tsabta, da juye ruwa da tiyo ba tare da ka tayar da lakar ƙasa ba, da karanta haidiromita, abin auna sukarin da ke cikin ruwan. Ka fara awon yana wajen 1.085, kada ka kusanci kwalba sai ya sauka ƙasa da 1.000 ya tsaya cak kwana uku. Na taɓa yin gaggawa, da tsakar dare kwalabe biyu suka fashe a kabad, har yau jan tabon na jikin katakon.

Saratu_M:
Baba, a yi min afuwa, ban bi ka duka ba. Kwali uku na yi, duk sun yi kyau, amma ɗanɗanonsu kamar an buga a inji, ja ɗin ma ba shi da nauyi a baki. Launi da ɗan baurin nan daga ɓawo suke fitowa, sai ka bar shi ya tsimu a ciki kana danna shi ƙasa safe da yamma. Mai kwali an riga an yi masa wannan a masana'anta.

Ɗanlami, matsalarka ta biyu inabin ci ne. Sukarinsa bai kai na inabin giya ba, tsaminsa ma haka, ko bai lalace ba salam za ka ji shi. Kuma lita 23 na cin kusan kilo 40. Fara da lita huɗu da rabi: ƙwayar Campden ɗaya (salfait ce), ka jira awa 24, sannan yistin giya. Na burodin nan ka bar wa burodi.

BabaIliya:
Gaskiyarki a kan ɓawo, 'yata. Amma mutumin da ya bar bokiti mako uku da tsumma, a fara koya masa jarka tukuna.

Ɗanlami82:
Na karɓi wannan, Baba. Zan ɗauki kwalin, in kuma yi ƙaramin na Anti Saratu a gefe in gwada su. Haidiromitan fa, yana zuwa a cikin kwalin ne ko daban ake saye?

Saratu_M:
Kwalin ruwan ba ya zuwa da shi, sai dai cikin kayan aikin masu farawa. Sayi biyu, gilashi ne siriri, nawa na farko a wajen wanki ya karye.