Neman shawara: in tura takardun neman karatun PA bana, ko in haƙura sai baɗi?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, abin nan ya fi wata yana cina a rai, maigidan ma ya gaji da zancen har ya koma ce min in yi duk wanda na ga dama. Shekarata huɗu a Amurka, aure ne ya kawo ni, ina da girin kad. Digirina na maikrobayoloji ne daga gida Najeriya, na gama tun 2016, kuma gaskiya sakamakon ba wani na a zo a gani ba ne, 2.2 na fita da shi. Yanzu ina aikin CNA, wato mataimakiyar nas, a gidan kula da tsofaffi, dare biyu a sati, awa 12 kowanne, wanka da canza kaya da auna hawan jini da juya waɗanda ba sa iya juyawa da kansu. Wata 14 ke nan, na lissafa awannin sun kai wajen 1,400.

Abin da ya sa min son PA, akwai wata da ke zuwa duba marasa lafiyanmu sau biyu a sati. Wani dare wata tsohuwa da kullum sai ta tsokane ni a kan ɗankwalina ta kasa gane ni, ta ƙi abinci, tana ta kiran sunan mijinta da ya jima da rasuwa, ni kuma da na zo canza mata na ji warin fitsarin ba irin na kullum ba ne, sai na gaya wa nas. Da safe PA ɗin nan ta zo ta duba ta, ta sa aka yi gwaji, ashe ciwon mafitsara ne, ta rubuta magani, kwana uku tsohuwa ta dawo tana tsokanata. Tun daga ranar na ce ni fa wannan aikin nake so.

To ga matsalar. Ƙarshen Afrilu ake buɗe CASPA, shafin da ake tura takardun neman shiga makarantun PA, ni ban yi anatomi da fiziyoloji a nan ba, taranskirif ɗina kuma wata biyar ina bin sa a makarantarmu ta gida har yau shiru. Shekarata 32, yara biyu. In tura bana in gwada sa'a ko in bari sai baɗi? Wallahi ji nake shekara guda ɗin nan kamar asara ce.

Baban Ummi:
Hajiya PA na wa kuma? Na sanata ko na kwamishina? Ni ban san sai an yi karatu ba, a nan riƙe waya da jaka ne kawai da iya cewa oga yana mitin 😂

Uwar Biyu:
Kai Baban Ummi Allah ya shirye ka 😂 ba wannan ba. Mataimakin likita ne, yana duba mara lafiya, ya sa a yi gwaji, ya rubuta magani, har tiyata yana taimakawa, amma tare da likita yake aiki. Mastas ce ake yi, shekara biyu da 'yan watanni.

Anti PA:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ni aikin nake yi yanzu, kuma sai a karo na biyu na samu shiga, don haka bari in gaya miki abin da na so a ce wani ya gaya min: kar ki tura bana. Ba sa'a ake gwadawa a nan ba. Yawancin makarantu kafin ma wani mutum ya buɗe fayil ɗinki an riga an tace, wanda bai cika sharuɗɗa ba gefe ake ajiye shi, kuɗin da kika biya kuma ya tafi ke nan. CASPA kusan dala 180 ne makaranta ta farko, kowace kika ƙara wajen dala 60, wasu ma suna da nasu fom ɗin na daban da kuɗinsa. Ni karon farko goma na tura, ko intabiyu ɗaya ban samu ba, na zauna na yi kuka na gode Allah, daga baya na gane bakwai a ciki tun farko ba sa karɓar kwas ɗin kimiyya da aka yi a wajen Amurka, kuma a rubuce yake a shafinsu, ni ce ban karanta ba.

Wannan shi ne babban abin da ke gabanki, ba shekaru ba. Digirinki sai WES, masu tantance takardun karatun ƙasashen waje, sun tantance shi kwas bayan kwas, kuma ba daga hannunki suke karɓar taranskirif ba, makarantar ce za ta aika musu da kanta. Ko bayan an tantance, makarantu da yawa za su yarda cewa kina da digiri amma su ce anatomi, fiziyoloji, maikrobayoloji, kemistiri, lissafin ƙididdiga da ilimin halayyar ɗan Adam sai kin yi su a nan. Eh, har maikrobayolojin da kika yi shekara huɗu a kai, na san da ciwo. Wasu kuma suna cewa kwas ɗin kada ya wuce shekara biyar ko bakwai ko goma da yin sa, naki na 2016 kin ga ya tsufa a wurin da yawansu.

Amma ki duba alherin da ke ciki. 2.2 ɗin da ke damunki, waɗannan kwasa-kwasan da za ki yi a kwalejin unguwa su ne za su yi miki magana, in suka ga A a jere a anatomi da fiziyoloji alhali kina aikin dare ga yara biyu, sun san da wa suke magana. Mafi yawa 3.0 ne ƙaramin makin da suke karɓa amma waɗanda ake ɗauka sun fi haka nesa. Sai ki kiyaye abu ɗaya, CASPA ba ta yafe faɗuwa, in kika ci C kika sake kwas ɗin kika ci A duka biyun za ta lissafa, don haka kar ki kwashi huɗu a zango ɗaya don sauri. Biyu-biyu.

Uwar Biyu:
Innalillahi, har maikro ɗin Anti? To awannin fa, 1,400 ya isa? Wata ta ce min aikin CNA ba ya cikin wanda suke so wai sai mai ɗaukar jini ko na motar asibiti.

Anti PA:
Wadda ta gaya miki ba ta sani ba. CNA yana cikin waɗanda aka fi karɓa, don hannunki ne a jikin mara lafiya. CASPA ta raba awanni gida biyu, na kula da mara lafiya kai tsaye da na aikin asibiti kawai kamar zama a kanta ko shigar da bayanai a kwamfuta, naki na farkon ne. Wasu makarantun 500 suke nema, wasu 1,000, wasu 2,000, wasu ba su sa adadi ba amma suna dubawa. Kuma ba don mugunta suke nacewa a kai ba, asalin aikin ke nan: a jami'ar Duke aka fara a 1965, wani likita Eugene Stead ya ɗebo tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa waɗanda suka riga suka san jini da rauni ya ɗora musu karatun likitanci a taƙaice. Har yau tunanin ke nan, wata 27 na karatun PA ba ya isa a koya wa mutum komai daga tushe, sai wanda ya riga ya san warin ɗakin mara lafiya. In kika ci gaba yadda kike, zuwa baɗi war haka kin haura 2,500. Kin ga shekarar da kike kira asara tana tara miki abu.

Sannan PA ɗin nan da ke zuwa wurinku, ki same ta ki ce kina so ki riƙa bin ta kina kallon aikinta ko da yini ɗaya a wata. Wasiƙar shaida uku yawanci ake nema, kuma da yawa suna son ɗaya ta fito daga PA ko likita. Ki fara yanzu ta san ki, ba ana saura sati biyu ki je kina murmushi ba.

Ɗan Zongon Kumasi:
Hajiya mu nan Gana muna da PA tun da daɗewa, ta garin Kintampo ce tsohuwar makarantar, yanzu jami'o'i da yawa suna yi har da ta garin Ho. Daga sakandare ma mutum yake shiga da WASSCE, shekara huɗu ya fito da digiri, ya rubuta jarrabawar hukumar likitoci ya karɓi lasin. A ƙauyuka da yawa su ne likitan gaba ɗaya, mutane ma dokta suke ce musu. Me zai hana ki zo nan ki yi da araha ki koma?

Anti PA:
Malam na gode da ka kawo wannan, amma ba zai yi mata ba. Jarrabawar lasin ta nan, PANCE, ba a barin kowa ya zauna sai wanda ya gama makarantar da ARC-PA, hukumar tantance makarantun PA, ta amince da ita, su kuma na Amurka kawai suke tantancewa. Ko likita ne cikakke daga wata ƙasa in yana son zama PA a nan sai ya sake karatun daga farko. Haka ita ma ta sani, in niyyarta wata rana ta koma Najeriya, babu wannan matsayin a tsarin can, abin da ya ɗan yi kama da shi CHO ne, wato jami'in lafiyar al'umma, kuma hanyarsa daban.

Nas Mai Dare:
Ni fa zan ɗan saɓa da Anti, a yi min afuwa. Ba wai ta tura bana ba, a'a, wannan na yarda. Tambayata ita ce dole sai PA? Tunda kina da digiri akwai karatun nas na gaggawa, wata 12 zuwa 18 kin fito, kin fara ɗaukar albashi mai kyau, daga baya ki yi NP, wato nas mai ƙarin zurfin karatu, kina aiki kina karatu, kuma NP ma tana duba mara lafiya tana rubuta magani. PA in kika shiga ba aiki, yawancinsu ma za su ce miki kar ki yi, shekarar farko aji ne safe zuwa yamma jarrabawa kusan kowane sati, ta biyu kuma a yi ta jefa ki asibiti-asibiti, wata guda tiyata, wata guda yara, wata guda mata, wani wurin tafiyar awa biyu daga gidanki, wani ma sai kin kama ɗaki. Wa zai riƙe miki yaran? Nan ba Kano ba ce da za ki miƙa wa Inna ko ki aiko da ƙanwa daga gida. Ki zauna da maigida ku yi wannan maganar da gaske, wannan "yi duk wanda kika ga dama" ɗin ba amsa ba ce, gajiya ce, ranar da za ki bar masa yara ƙarfe biyar na asuba wata shida a jere za ki ji ainihin ra'ayinsa.

Uwar Biyu:
Hmm Nas kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wlh ban taɓa kawo zancen yaran a lissafin ba, ni dai ta shiga kawai nake. Amma gaskiya zuciyata ba ta kwanta da nas ba, ba raini ba Allah ya sani, da su nake aiki kullum, kawai ni wancan ɓangaren na gano ciwon ne yake jana.

Malam Na Bronks:
'Yar uwa ba wanda ya yi maganar kuɗi. Makarantun nan da yawa kuɗinsu ya kai dala dubu 100 ko ya wuce, ban da ci da sha, kuma bashin karatu na gwamnati da ruwa yake. Ba fatawa zan ba ki ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi tun yanzu kafin takardar ɗauka ta zo ki rasa yadda za ki yi. Abin da na sani, jami'o'in jiha sun fi sauƙi ga mazauna jihar, sannan akwai tallafin NHSC, wani shirin gwamnatin Amurka, da ke biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya ke kuma ki yi musu aiki aƙalla shekara biyu a inda ake ƙarancin likitoci, sai dai shi sai ɗan ƙasa, girin kad bai isa ba. Tunda kin shekara huɗu ki duba yaushe za ki cancanci neman zama 'yar ƙasa, wataƙila jinkirin ma ya zo miki daidai.

Baban Ummi:
To yanzu na gane, a yafe min 🙏 Maganar taranskirif kuwa wannan fannina ne. Hajiya in kina zaune a can kina aika imel, har ki haifi na uku ba za a aika ba. Sai kin samu mutum mai ƙafa ya je da rasit ɗin biyan kuɗin a hannu, ya bi fayil ɗin daga sashenku zuwa ofishin jarrabawa, teburi bayan teburi. Nawa sai da ƙanina ya je sau shida, ashe sakamakon aji biyu ne ba a taɓa shigarwa ba, yana cikin wata kwabad.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Jiya na yi abin da Anti ta ce, na zauna na buɗe shafin makarantu biyar da ke kusa da mu na karanta sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Uku sun rubuta ɓaro-ɓaro sai kwas ɗin da aka yi a Amurka, ɗaya ta ce kada ya wuce shekara bakwai, ɗayar ce kawai ban gane ba na aika musu imel. Da na tura bana da duka biyar ɗin sun tafi a banza. Na yi rajistar anatomi na ɗaya a kwalejin unguwarmu zangon bazara, yayana kuma zai shiga makarantar tamu ranar Litinin da rasit. Maganar yara mun fara da maigida, bai ce a'a ba amma ya yi shiru mai tsawo, mun bar ta sai ƙarshen sati.

Anti tambaya ɗaya ta rage, rubutun nan na dalilin son aikin da ake haɗawa da takardun nema, in fara shi yanzu ko ya yi wuri? Turancina na rubutu bai kai na baki ba.

Anti PA:
Fara yanzu. Harafi 5,000 ne kawai har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, shafi ɗaya da ɗan wani abu, kuma kar ki buɗe da cewa tun kina yarinya kike son taimakon mutane, kowa haka yake rubutawa. Tsohuwar nan mai tsokanar ɗankwalinki, da ita za ki fara, yadda kika ba mu labarin nan haka za ki ba su. Rubuta shi da Hausa ma in ya fi miki sauƙi, ki turo min ta akwati mu juya shi tare.