Entrepreneur: ɗan kasuwa ne, ko wane suna za mu ba shi?

'Yan uwa, ku taya ni. Ƙanwata tana ajin ƙarshe a jami'a, bincikenta a kan ra'ayin ɗalibai ne game da fara harkar kansu bayan kammala karatu. Ta kawo min takardar tambayoyinta in mayar mata Hausa, sai na cije a kalma ɗaya: entrepreneur. Kwana biyu ke nan takardar tana kan tebur, gurbin kalmar a buɗe.

Da farko na rubuta "ɗan kasuwa". Ta duba ta ce, "Yaya, ai wanda ya gaji shagon babansa a Kantin Kwari ma ɗan kasuwa ne." Gaskiyarta. Shi ya iske ciniki yana tafiya, ya hau kai. "Attajiri" kuwa wanda ya riga ya samu ne. Ƙawarta da ke haɗa turaren wuta a ɗakin kwanan ɗalibai, tana zubawa a kwalaben da ta wanke da hannunta, ba attajira ba ce, amma ita ake nufi.

Sai "dogaro da kai", wanda aka fi ji a rediyo. Tun zangon karatu na 2007/2008 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta wajabta darasin entrepreneurship a jami'o'in Najeriya, hukumar bautar ƙasa, NYSC, kuma ta kawo shirin koya wa masu bautar ƙasa sana'a, SAED, a 2012, dukkansu da wannan suna ake bayyana su ga jama'a. Ni raina bai kwanta da shi ba. Magana ce ta lallashi, kamar a ce maka aiki babu, je ka ji da kanka. Ina ganin shi ya sa ɗalibi ke ɗaukar darasin a matsayin koyon haɗa sabulu, abin riƙewa kafin takardar ɗaukar aiki ta fito. Mai dogaro da kai bakinsa yake ciyarwa. Wanda muke nema wa suna yakan ɗauki wasu aiki, ya zuba jarinsa a inda zai iya nutsewa.

Asalin kalmar Faransanci ce, daga entreprendre, wato tunkarar aiki. A Nijar kuwa, in ka faɗe ta, sau da yawa ɗan kwangilar gini za a nuna maka. Aro ba zai fisshe mu ba ke nan.

Wani malami ya kawo "madugu", kuma na daɗe ina juya ta. Madugu uban tafiya: shi ke tara ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro, ya san mashaya, ya sasanta da sarakunan hanya, in asara ta zo shi ake kallo. Kasada, juriya, riƙon amana, iya tafiya da mutane, duk halayen da takardar ke tambaya suna jikinsa. Allah ya ƙara sani, malam. Sai dai madugu tsohuwar hanya yake bi. Ku dubi Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955: fataucin goro ya tashi da shi, amma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya ga inda gyaɗa ta dosa, ya baza wakilai ƙauyuka suna saya masa. Wannan juyin ne madugu bai ɗauko ba.

Ni dai na tsaya a kan "mai kafa sana'a", jam'i "masu kafa sana'a", darasin kuma "ilimin kafa sana'a". Kafawa muke cewa ga gari da kasuwa da masarauta, abin da babu shi a da, wani ya tsayar da shi, ya kuma zauna bayansa.

Na karanta wa ƙanwata tambaya ta bakwai: "Kina ganin za ki iya kafa sana'a bayan bautar ƙasa, ko da an ba ki aikin gwamnati?" Ta yi shiru, sannan ta ce wannan sai mutum ya yi tunani kafin ya amsa.

Mutanen Sakkwato da Damagaram, ya kuka ji ta a kunnenku? Ranar Litinin ƙanwata za ta kai takardar wurin bugawa.