Wa ya taɓa haifar yaro ɗan ƙarami kuma har yanzu bai kamo sa'anninsa ba?

Ummu Haidar:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin halin nan ya ba ni labari. Yarona ba bakwaini ba ne, cikinsa ya cika wata tara amma kilo 1.9 aka haife shi, tun a sikanin dama ake ce min ya yi ƙanƙanta. Yanzu shekararsa uku kayan ɗan shekara ɗaya da rabi yake sawa. Likita ya ce a yi gwajin ƙwayoyin halitta, ni kuma kowa cewa yake ba na ba shi abinci, wlh abin ya ishe ni.

Maman Sadiya:
Wa alaikumussalam 'yar uwa, sannu. Tawa haka ta zo, daga baya aka ce wata lalura ce mai suna Silver-Russell, sunan likitoci biyu ne da suka fara bayaninsa a 1953 da 1954. Ki duba naki da kyau, tawa dai kanta ya yi wa jikinta girma, goshi ya turo, haɓa 'yar siririya, ƙaramin yatsanta na hannu a ɗan lanƙwashe, sannan ƙafar dama ta fi ta hagu tsawo da kauri, ni wajen sa mata takalmi na fara lura, ɗaya ya matse ɗaya yana suɓucewa. Ga rashin son cin abinci, kwata-kwata ba ta jin yunwa, da dare kuma ta jiƙe sharkaf da zufa ashe suga ne ke sauka, shi ya sa aka hana ni barin ta ta daɗe ba ta ci komai ba ko da barci take sai na tashe ta. Yadda likitan ya yi min bayani, akwai ƙwayar halitta mai suna IGF2 a kuromosom na 11 (kuromosom su ne ɗaurin ƙwayoyin halitta, bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba) da ke sa jariri girma a ciki, kuma ta wajen uba ce ke aiki, to a irin yaran nan sai ta ƙi tashi yadda ya kamata. Wasu kuma kuromosom na 7 ne duka biyun suka zo daga uwa maimakon ɗaya nan ɗaya can. Yawanci ba ya maimaituwa, ƙannenta biyu lafiyarsu ƙalau. Kuma ki sani gwajin yana iya fitowa bai nuna komai ba alhali shi ne, da yawa da alamomi ake gane su.

Baban Ikram:
Hajiya ni namiji ne amma bari in sa baki. Tamu da aka haife ta bayan hannuwanta da ƙafafunta a kumbure suke, kumburin ya sace muka manta. Sai da ta shiga firamare muka ga kullum ita ce ta farko a layi saboda gajarta. Aka ɗebi jini aka ƙirga kuromosom, 45 maimakon 46, wanda ake kira X da mace ke da shi guda biyu, ita ɗaya ne babu na biyun. Turner sunansa, mata kawai yake samu, kusan ɗaya cikin 2,500. Naki namiji ne ba shi ba ne, amma na faɗa saboda masu 'ya'ya mata, a duba musu zuciya da ƙoda don yana tafiya da matsalarsu.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri in ɗan ja birki, kar duk mai ƙaramin jariri ta karanta ta tsorata. Shekaruna a ɗakin haihuwa, yawancin jariran da ke zuwa ƙasa da kilo 2.5 ba ƙwayar halitta ba ce, ko haihuwa kafin lokaci ko mabiyiya ce ba ta kai musu abinci sosai, hawan jinin mai ciki, zazzaɓin cizon sauro, hayaƙin taba, tagwaye. Irin waɗannan da sun fito suka kama nono sai su yi ta girma, kusan tara cikin goma suna kamo sa'anninsu kafin shekara biyu. Wanda ya wuce biyu bai kamo ba kamar na Ummu Haidar shi ne ake bincike. Ki tafi da katin awonsa tun na haihuwa har da awon zagayen kai, kuma za su auna tsawonki da na babansa, wani sa'in gajartar gida ce kawai.

Uwar Gajeru:
Ni biyu gare ni, lalurarsu sunanta 3M. Ni da maigidan 'yan uwa ne na kusa, kowannenmu na ɗauke da ƙwayar a ɓoye kuma ba ta yi mana komai ba, sai in yaro ya kwaso daga ɓangare biyun. Aka ce kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne, ba wai in kin haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba, kowane ciki da nasa lissafin. Abin da ya fi ci min rai dangin da suka ce daga wajena ne, har gaban likita na ja maigidan ya ji da kunnensa cewa rabi da rabi ne. Ƙwaƙwalwarsu dai ras, babban shi ke koya wa dogayen ajinsu lissafi.

Maman Nana:
Allah ya raya mana su, ina nan ina karantawa nima jibi za mu asibiti.

Ummu Haidar:
Na gode sosai. Maman Sadiya allurar girman nan da ake faɗa kin yi mata?

Maman Sadiya:
Muna kai. Kullum ce da dare ƙarƙashin fata, shekaru ake yi, kuma sai da aka fara daidaita cin abincinta kafin a soma. Ta ƙara tsawo da ƙarfi gaskiya, har cin ma ya ɗan gyaru, amma ba a ce min za ta kai tsawona ba. Dan Allah kar ki saya da kanki, likitan hormon na yara ne ke yanke adadi yana bin jini. Kuma kar masu surutu su sa ki riƙa yi masa ɗura don ya yi ƙiba, irin yaran nan in suka yi ƙiba da sauri balaga na iya zuwa da wuri ƙashi ya rufe tsawon ya tsaya. Ki tambaya a yi masa hoton ƙashin hannu don a ga inda girman ƙashinsa ya kai, in ba a yi ba.